Ba Kowane Fim Ɗin 'Yar Tsana Ne Na Yara Ba

Waɗanda suka cika mini akwatin saƙo tun shekaranjiya, bayan na yi ƙorafi kan wani fim mai ban tsoro da aka kunna wa 'yata, suna cewa na ɗaga jijiyar wuya a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ina gayyatarsu su zo su kwana a ɗakin 'yata dare ɗaya tak, sannan mu yi magana. Yau kwana huɗu ke nan yarinya mai shekara biyar ba ta yarda a kashe fitila, kuma idan mahaifiyarta ta sunkuyo za ta lulluɓe ta, sai ta fara shafa idanun uwar da yatsa domin ta tabbatar cewa idanu ne, ba maɓallai ba. Duk wannan ya faru ne saboda wani babban mutum mai hankalinsa, wanda zumunci ya hana ni kama sunansa, ya ga hoton 'yar tsana a fuskar fim, ya yanke hukuncin cewa na yara ne, ya danna mata Coraline, ya kama gabansa. Madalla da wannan zurfin bincike.

Maganata ɗaya ce, kuma zan ci gaba da nanata ta har ta ishe ku: zane ko 'yar tsana ba shaida ba ce cewa fim ya dace da ƙaramin yaro. Wannan fim na shekarar 2009 labarin wata yarinya ne da ta ratsa ƙaramar ƙofa a bango, ta iske wata mace mai kama da mahaifiyarta sak, sai dai idanunta maɓallai ne, kuma burinta ta ɗinka wa yarinyar irinsu. A Amurka an ba shi alamar PG, wadda ke nufin iyaye su duba tukuna. Babu inda alamar ta ce a miƙa wa yaro waya a ja masa ƙofa.

Wani ya rubuto mini cewa ai ƙarshen fim ɗin mai daɗi ne. Daɗinsa ga wa? Yaro ɗan shekara biyar ba ya riƙe zaren labari na awa ɗaya da rabi har ya jira sakamako, fuska yake riƙewa. Joanne Cantor, malamar jami'a a Amurka da ta daɗe tana nazarin tsoron da talabijin ke jefa wa yara, ta nuna cewa ƙanana sun fi razana da mummunar siffa da kuma rikiɗar da mutum ke yi ya koma dodo, kuma faɗa musu cewa abin ba gaskiya ba ne ba ya kwantar musu da hankali sosai. To, ina ga idan wadda ta rikiɗa ɗin uwa ce, wato ainihin wurin da yaro ke gudu idan ya tsorata?

Masu cewa mu ma da labarin dodo muka girma kuwa, sun manta cewa mai ba da labarin yana kallon fuskarmu. Idan ya ga leɓe ya fara rawa, sai ya sassauta murya, ya sa dodon ya faɗa rami, kowa ya yi dariya. Fim ba ya ganin hawayen kowa.

Su kansu hukumomin tace fina-finai sun sha yin tuntuɓe a wannan wuri. A 1978 hukumar Birtaniya ta ba wa fim ɗin zane mai suna Watership Down alamar da ke nufin kowa na iya kallo, alhali a cikinsa zomaye na yagar juna jina-jina, kuma sai da aka haura shekara 40 kafin ta sauya alamar. A Amurka ma, koken iyaye kan fina-finai irin su Gremlins ne ya sa aka ƙirƙiro alamar PG-13 a 1984, wadda ke gargaɗin iyaye cewa fim na iya ƙunsar abin da bai dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba. Idan waɗanda aikinsu ke nan sun ruɗu da zomo mai manyan idanu, ban ga dalilin da zai sa wani ya dogara da hoton bango kawai ba.

Tsakani da Allah, ba na adawa da fim mai ban tsoro. Na zauna na kalli wannan ɗin ni kaɗai daren jiya, kuma aikin hannu ne mai ban mamaki. Da 'yata ta kai shekara goma, da ni zan zauna kusa da ita mu kalla tare. Abin da ya yi mini ciwo shi ne an bar ta ita kaɗai da shi, har ta kai ƙarshe ba ta san tana da ikon tsayar da shi ba.

Yanzu kuma 'yar tsanarta mai idon maɓalli, wadda ba ta iya barci sai da ita, tana kulle a bayan mota bisa umarninta, kuma kowace safiya sai ta tambaye ni ko na tabbata ba ta fito ba. Wanda ya san inda ake sayar da masu ido na zare ya taimaka ya sanar da ni.