Ƙurar injin niƙan dutse ta cinye huhun ƙanena, kuma ba wanda ya ce uffan

Ƙanena shekararsa 31. Yau daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango yana haki. Wannan yaron ne fa da ke saɓa buhun dutse a kafaɗa ya jefa a bayan mota kamar buhun ƙaiƙayi. Da dare ba ya kwanciya, a jingine yake kwana, Inna na zaune a gefensa tana yi masa fifita har asuba. Ni kuma ina ɗakina ina jin tarin, ina ƙirga shi, raina na tafasa.

Shekara bakwai ya yi a bakin injin niƙan dutse a wata daba ta masu zinare a yankin Anka. Duk wanda ya taɓa shiga daba ya san yadda take. A kawo dutse daga rami, a farfasa da guduma, a zuba a injin irin na niƙan hatsi, busasshe ƙarau, ya fito gari. Ƙura ta turnuƙe rumfar har ba ka gane na kusa da kai. In ya dawo gida gira fara, gashi fari, hanci cike. Mukan ce masa ya yi wanka kafin ya taɓa yara saboda tsoron dalma. Dalma muka sani, ita aka faɗa mana.

Kuma da gaskiyarmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, likitocin ƙungiyar agaji ta duniya, MSF, suka zo, aka kankare ƙasar gidaje, aka yi irin wannan aikin a ƙauyen Bagega a 2013. Duniya ta ji. Amma a cikin wannan ƙurar akwai wani makashin da ba a tara mu an yi mana bayaninsa ba. Farin dutsen nan mai ƙyalli da zinare ke maƙale a jikinsa, idan aka niƙe shi yana fitar da ƙurar silika, mai laushin da ido ba ya ganinta. Ita ke wucewa har ƙuryar huhu ta zauna, huhun ya yi ta tabo yana ƙandarewa har ya kasa buɗewa. Ciwon sunansa silikosis. Ba ya warkewa. Ko mutum ya bar aikin, yana iya ci gaba da cinsa.

Ni ban ji wannan suna ba sai bayan mun yi shekara biyu muna yawon asibiti. Farko aka ce tarin tibi ne, aka ɗora shi a kan magani wata shida. Ya shanye tas, ko kwana ɗaya bai tsallake ba, ni ke tashinsa. Tari ya ɗan lafa, haki ya ƙaru. Muka koma, aka ce ƙila asma ce. Muka sayi abin shaƙa. A duk zuwan nan, wallahi ba wanda ya ɗaga kai ya tambaye shi sana'arsa. Tambaya ɗaya tak! A garin da kowa ya san abin da samari ke yi don su ci abinci. Sai da muka sayar da tumakin Inna, muka bi hanyar Gusau da ake bi da addu'a a baki, aka ɗauki hoton ƙirji, sannan wani likita, Allah ya saka masa da alheri, ya dubi hoton ya ce, "Malam, aikin dutse kake yi?" Ya bayyana mana cewa tibin ma da gaske ya yi shi, domin huhun da ƙurar nan ta lalata ya fi saurin kama tibi. An kashe tibin, tabon na nan.

A mota muna dawowa ƙanena ya ce mini, "Yaya, mun fa roƙi Alhaji mai injin a riƙa jiƙa dutsen." Abin da ya hana ni barci ke nan har yau. Ruwa suka roƙa. Ba su nemi ƙarin kuɗi ba. Kowa ya sani idan aka yayyafa ruwa wurin niƙa ƙura tana kwantawa, akwai ma injinan da ke niƙa da ruwa gaba ɗaya. Mai injin ya ce jiƙaƙƙen dutse na cushe masa inji, ruwa kuma sai an saya, wanda bai iya ba ga hanya nan, akwai goma a waje suna jira. Suka koma suna naɗe hanci da tsumma da rawani, alhali ƙurar da ke kisa ta tsumma take ratsawa. Takunkumin kirki mai tace ƙura bai taɓa saya wa ko mutum ɗaya ba.

Na je na same shi. Na gaishe shi da ladabi, na ce, "Alhaji, yaronka ya kwanta." Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ciwo na Allah ne, ya zaro 'yan kuɗin da ko na mota ba su kai ba. Na sani ciwo na Allah ne, ba shi zai koya mini tauhidi ba. Amma ruwan da ya hana, shi ya hana shi, kuma zai amsa. Motar da yake hawa da numfashin 'ya'yan mutane ya saye ta.

Hukuma fa? A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga. Injuna ba su tsaya ba, sun dai ƙara nutsawa daji inda babu mai leƙa su. A Disamban 2024 aka ɗage haramcin, aka yi ta zancen kuɗin shiga da masu zuba jari. Zancen ƙirjin masu niƙa ban ji shi a bakin kowa ba. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 da ta haɗa da cutar da mutum ya samu a wurin aiki, amma ƙanena ba shi da takardar ɗaukar aiki, a kan kowane buhu ake biyansa. Wa zai kai ƙara, da wace shaida?

Ina son a wajabta niƙa da ruwa a kowace daba, wanda ya ƙi a rufe injinsa. Duk mai tari da ya shiga asibiti a Anka ko Maru ko Bukkuyum a tambaye shi aikinsa tun ranar farko. A kai na'urar hoton ƙirji kusa da mutane, a daina sa su sayar da dabbobinsu kafin su san abin da ke cinsu.

Cikin waɗanda suka yi aiki rumfa ɗaya da ƙanena, biyu mun riga mun binne su, duka an ce tari ne. Jiya da yamma na ga ɗan maƙwabcinmu, bai wuce shekara 16 ba, ya dawo girarsa fara fat. Na kira ubansa na shigar da shi ɗakin ƙanena, na ce ya zauna ya saurari numfashinsa.