Ku Ƙawata Na'urar Jinku, Amma Ku San Inda Ba A Taɓawa

Samari da 'yan mata masu sa na'urar ji, ku daina cusa ta a aljihu don kunyar idon mutane. Mai tabarau yana zaɓar launin da ya yi masa, ku ma haka. Sai dai na'ura da yawa garin kwalliya suke mutuwa, garin neman gira a rasa ido.

Ku fara duba ƙananan ramukan da ke samanta, nan makirfo yake. Yawancin masu zama bayan kunne ramuka 2 gare su, da su take bambance maganar wanda ke gabanku da hayaniyar baya. Sitika ta rufe ɗaya, a ɗaki ba lalle ku lura ba, sai kun shiga taro magana ta cakuɗe, ku ɗora wa na'ura laifi.

Murfin batir ma a bar shi. Ƙananan batiran nan, lamba 10, 312, 13 da 675, da iska suke aiki, shi ya sa ake ɓare takardarsu a jira kamar minti 1 kafin a saka. An toshe iska, na'ura ta riƙa ɗaukewa. Mai caji kuwa, sitika mai kauri tana hana ta zama daidai a mazauninta, ku wayi gari ba caji.

Kada jan farce ko gam mai kama ƙarfe su taɓa jikinta. Ruwan goge jan farce yana cin roba, garin ƙyalƙyali yana shiga makirfo, kamfani kuma na iya soke garanti. Abin yi: ku goge ta da busasshen ƙyalle, ku zana siffar gefenta a takarda, ku yanka siririyar sitika mai ɓaruwa a kan zanen, ku rage milimita 1 ko 2 daga kowane rami da maɓalli. Lambar da kamfani ya buga a jikin na'urar ta zauna a buɗe.

In launi mai ɗorewa kuke so, ku faɗa wa likitan ji ranar da zai auna kunnenku. Robar cikin kunne ana haɗa ta da launi, har da ƙyalƙyali a cikin jikinta.

Abin adon da za a rataya a bututun da ya haɗa na'urar da robar kunne ya zama marar nauyi. In ya janyo robar ta saki, sauti ya zurare ya koma makirfo, sai fito ya tashi. Kun gama ado, ku sa wani ya yi magana ta gabanku, sannan ta bayanku. In muryar ta dusashe, ku ɓare sitikar ku sake yanka.