Ranar da na kaɗa man shanu a Birmingham

Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Baturiya ce da yarana ke kira Kaka, har ni ma na bi bakinsu. A farkon Disamba ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidanta, ta karye a wuyan hannun dama. Da na shiga duba ta, sai na tarar ba karayar ce ke hana ta barci ba. Damuwarta ɗaya: wa zai haɗa tiraiful, kayan zaƙin da take yi na Kirsimeti? Tun kafin ta haifi 'yarta ita ke yin sa duk shekara, ga shi 'ya'ya da jikoki za su taru a gidanta, har da wani yayanta da ya haura tamanin.

A lokacin uwargida ta kwashe yara sun tafi Kano bikin ƙaninta, an bar ni ina gwauranci, kuma Kaka ta riga ta gayyace ni cin abincin ranar don kada in zauna ni kaɗai. Mutum ya ci abincin mutane hannu rabbana? Na gyara zama na ce, "Kaka, wannan ma abin damuwa ne? Ki bar min."

Ina da hujja. Na yi zaman ɗalibta a Samaru, na iya dafa-duka, na iya taliya da manja da yaji, kuma ba wanda ya taɓa kwanciya asibiti saboda girkina.

Tiraiful kayan zaƙi ne na Ingilishi da ake ci bayan abinci, ana jera shi hawa-hawa a cikin babban kwanon gilashi. Na Kaka hawa biyar ne: kek na cakulet a ƙasa, 'ya'yan ceri (wani ƙaramin jan ɗan itace) a kansa, sai kastad na cakulet, sai kirim na madara da aka buga ya kumbura, sannan a kankare cakulet a barbaɗa a sama. Haɗin cakulet da ceri da kirim daga wani kek na Jamusawa aka aro shi, wanda ake dangantawa da yankin Black Forest. Turawan nan ba sa wasa da abin. A 2022, da aka yi gasar kayan zaƙi don cikar Sarauniya Elizabeth shekara 70 a kan gadon sarauta, tiraiful ne na lemon tsami ya zo na ɗaya. Kuma dalilin sa shi a gilashi shi ne kowa ya ga hawa-hawan tun daga bakin ƙofa. A girkinmu miya tana rufa wa tuwo asiri. Wannan kuwa ba mai rufa wa wani asiri, kowa a fili yake.

Kaka ta ba ni wani tsohon kati da ta rubuta yadda ake yi, ta ba ni kwanon da ta gada daga mahaifiyarta, ta ara min na'urar buga kirim mai zaman kanta. Kafin ta miƙo katin ta sa hannun hagu ta soke layi biyu. Na farko giyar ceri ce da ake jiƙa kek ɗin da ita. Ta ce in yi amfani da ruwan da ke cikin kwalbar cerin. Na biyu jeli ne, don mafi yawan wanda ake sayarwa a can da sinadarin jikin alade ake daskarar da shi. Allah ya saka wa tsohuwar nan, ta fi wasu 'yan'uwanmu kula da abin da zai shiga cikina.

Jajibirin Kirsimeti na fita sayayya. Wanda bai taɓa shiga babban kanti a Ingila ranar 24 ga Disamba ba bai san Turawa na iya ture mutum ba. Na samu kek, na samu madara, na samu kirim mai kauri mililita 600, na samu cakulet. Ceri kuwa babu. Ɗanye ba lokacinsa ba ne, sai bazararsu, wajen Yuni da Yuli, na kwalba kuma an wawashe. Ƙafa ta kai ni wani ƙaramin shagon 'yan Poland, na ga kwalabe jere da hoton ceri ja wur. Rubutun jiki duk da yarensu ne, amma hoto ai ba ya ƙarya. Na ɗauki manya.

Na dawo gida duhu ya riga ya yi, don a wannan watan kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Na yanyanka kek na shimfiɗa a ƙasan kwano, na yayyafa ruwan ceri, na juye 'ya'yan a kai. Wallahi a wannan matakin da kun gani sai kun tafa min. Har hoto na ɗauka.

Sai kastad. Nan ne na ji na iso gida, don duk yaron da ya tashi a Najeriya ya san kastad. Da shi muke karyawa da ƙosai, da shi muke buɗa baki da azumi, robarsa kuma ita ce ma'ajiyar daddawa da kuka a kowane kicin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a Birmingham ɗin nan aka ƙirƙiro garin kastad. Wani mai haɗa magunguna ne, Alfred Bird, ya yi shi a 1837, saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai, kastad na asali kuwa da ƙwai ake yi. Har yau tsohuwar masana'antar tana nan a unguwar Digbeth. To ni da na sha kastad tun ina rarrafe, kuma ina zaune a garin da aka haife shi, wa zai koya min? Katin ya ce a dafa da madara a tukunya, cokali kaza a kan madara kaza. Na ajiye katin. Na dama gari da ruwan sanyi, na sheƙa tafasasshen ruwa, na zuba madara da narkakken cakulet, ya fito sumul, daidai sha da ludayi.

Na juye shi a kan cerin yana tururi.

Da farko shiru. Can sai na ga wani jan ruwa yana tasowa ta gefen gilashi. Sai ceri ɗaya ya ɓullo sama, ya juya, wani ya biyo shi. Daga baya wani yankin kek ya taso gaba ɗaya ya fara yawo a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Da na juya katin don in kare fuskata daga tururi, sai ga rubutu a baya, da manyan baƙaƙe, har an ja layi a ƙasa: a bar kastad ya huce sarai kafin a zuba, kuma a yi shi da kauri. Ina tambaya, jama'a, wane irin mutum ne ke rubuta magana mafi muhimmanci a bayan kati?

Na ce ba komai, sanyi zai gyara. Firjinmu kuwa ya ce bai san zancen ba, don kwanon Kaka yana da doguwar ƙafa, ko na cire duk katakan ciki ƙofa ba ta rufuwa. A waje sanyi ya kai na firji, amma bayan gidanmu hanyar yanyawa ce, kullum dare sai sun zo binciken shara. Sai dabara ta zo min: mota. Na rufe kwanon da leda, na kai shi but, na tokare da tawul, na kulle.

Saura kirim. Katin ya ce a buga har sai an ɗaga maburgin an ga kirim ya yi tsini ya ɗan lanƙwasa, a tsaya nan take. Na juye a na'ura, na kunna, sai waya ta yi ƙara. Uwargida ce, kiran bidiyo, daga tsakiyar gidan biki.

"Yallaɓai, wannan ƙarar fa? Injin niƙa ka saya?"

"Aiki nake, kayan zaƙin Turawa nake haɗawa."

Ta yi dariyar da ban ji daɗinta ba, ta ce, "To ga Hajiya ku gaisa."

Duk ɗan mutunci ya san ba a gaida suruka a cikin hayaniya. Na fita zuwa falo, na ja ƙofa, na durƙusa, ko da yake kilomita dubbai ne a tsakaninmu. Hajiya, ina wuninku, ina gajiya, yaya taro, Allah ya sanya alheri. Ta tambayi sanyi, ta tambayi aiki, ta tambayi maƙwabta. Kafin in miƙe aka miƙa wa Gwaggo. Gwaggo ta miƙa wa Inna ta Fagge. Inna ta kira wata tsohuwa da ban taɓa gani ba, wadda ta ce ita ta yi wa matata wankan jego na fari, ta kuma ba ni labarinsa tun daga farko. Wa zai katse?

Da na koma kicin, sautin na'urar ya canza, ta koma wani falan-falan, tana watsa farin ruwa a bango. A cikin kwanon babu kirim. Wani dunƙulallen abu ne rawaya ya manne a maburgi, yana iyo a tsinkakken ruwa. Kirim ɗinsu mai kaurin nan kusan kashi 48 cikin 100 mai ne, in an wuce da bugu sai man ya haɗe kansa ya rabu da ruwan. Na tsaya riƙe da waya, ashe kyamarar tana kallon kwanon.

Muryar Hajiya na ji: "Ikon Allah! Malam, ai wannan man shanu ne. Kuma mai kyau! Ku zo ku gani, shi da kansa ya kaɗa." Mata suka taru a kan waya. Wata ta ce in wanke shi da ruwan sanyi, wata ta ce in soya da albasa don kada ya yi wari. Matata ba ta ce komai ba, don ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki.

Lokacin manyan kantuna sun rufe, kuma washegari ba za su buɗe ba. Doka ce tun 2004: a Ingila da Wales duk kantin da ya wuce murabba'in mita 280 ba ya buɗewa ranar Kirsimeti. Jirgin ƙasa ma ba ya tashi. Da safe na zaga har na samu shagon wani ɗan Pakistan a buɗe. Ya saurari labarina da tausayi irin na ɗan'uwa Musulmi, ya ce kirim na gaske ya ƙare tun jiya, sai na gwangwani da ake fesawa. Na saya, na yi masa addu'a.

Da na buɗe but ɗin mota, kastad ya daskare, alhamdu lillahi. Sai dai layinmu siriri ne, kowa yana ɗora tayoyi biyu a kan dakalin gefen titi in zai ajiye mota. Motar ta kwana a karkace, tiraiful ma ya daskare a karkace: gefe ɗaya ya kusa taɓa bakin kwano, ɗaya gefen ya tsaya a rabi. Na cike ramin da kirim na feshi, na barbaɗa cakulet da yawa, na ɗauka na tsallaka gidan Kaka ina tafiyar mai ɗauke da jariri.

An karɓe ni hannu bibbiyu. 'Yar Kaka ta sayo talotalo daga mahautan Musulmi saboda ni. Aka ja 'yan ƙunshin takarda na wasan Kirsimeti da ke fashewa in an ja, kowa ya samu hular sarauta ta takarda a ciki ya ɗora a ka, har da ni, magidanci mai 'ya'ya. Aka ci, aka ƙoshi, ƙarfe uku aka saurari jawabin Sarki. Duk wannan lokacin kwanona yana kan teburin gefe, kusa da hita. Kirim na feshi iska ce kawai aka hura masa, ba ya minti nawa yake sacewa. Da aka ɗauko kwanon aka ajiye a tsakiyar tebur, abin da ke ciki ya zama kamar kududdufin bayan gari a watan Agusta: ruwan ƙasa-ƙasa, farin kumfa a gefe, abubuwa suna leƙowa.

Aka yi shiru. Ingilishi ba ya ce maka abinka ya ɓaci, ko da gidanka ne ke ci da wuta. Surukin Kaka ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. 'Yarta ta ce launin yana da ɗumi. Kaka ta daɗe tana kallon kwanon mahaifiyarta, sannan ta ce a kawo ludayi, cokali ba zai yi ba.

Dattijon nan yayanta shi ya fara kai loma. Sai muka ji ƙas! Ya tsaya, ya dafe kunci, fuskarsa ta washe. Suna da al'adar ɓoye tsohon kwabo a cikin wani kek na Kirsimeti, wanda ya tsinta ya yi sa'ar shekara. Ya ɗaga hannu yana shelar shi ya samu. Ya sa yatsa ya zaro, sai ga ƙwallon ceri, tare da haƙoransa na roba na sama. Ashe abin da rubutun 'yan Poland ke faɗa ke nan: ba a cire ƙwallo ba. Ko'ina a tebur sai ƙas, ƙas, kowa yana kare baki da tsumma yana tofarwa cikin ladabi. Jikoki kuwa abin ya yi musu daɗi, suka jera ƙwallaye a bakin faranti suna wani tsohon wasan ƙirga na yaran Ingila, wai don su san irin mijin da za su aura. Ƙaramar ta sha kofi biyu ta nemi ƙari, kuma ina so a rubuta wannan a tarihi.

Man shanun na soya shi da albasa yadda aka umarce ni, na kai wa Kaka kaɗan a kwalba. Ta shafa a gasasshen burodi, ta aiko jikanta ya tambaya ko akwai saura. A Kano kuma labari ya riga ya zaga gidan biki ya fita unguwa, ya ɗan canza a hanya. Ranar da zan je ɗauko su uwargida a filin jirgi, saƙon murya ya shigo daga Inna ta Fagge. Bayan gaisuwa ta ce ta ji na buɗe sana'ar man shanu a Ingila, Allah ya sa albarka, nawa nake sayar da kwalba, kuma shanun nawa ne ko kiwo aka ba ni?