Wai gwarzon matashin ɗan majalisa, da me aka auna shi?

Tunda aka fara kaɗa gangar 2027 fostoci suka cika Facebook, kusan kowane matashin ɗan majalisa an liƙa masa "gwarzon shekara", in ka duba ƙasan hoton kuma abin da aka lissafa bai wuce babura kaza, kekunan ɗinki kaza, shinkafar azumi da kuɗin JAMB da ya biya wa ɗalibai ba. Babu ƙudiri ko ɗaya a lissafin, babu tambaya ɗaya da ya taɓa yi wa wani minista a zaman kwamiti. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, don da wannan ma'aunin ne muke lalata yaran tun ba su gama gane aikin ba.

Kowa ya tuna murnar da aka yi ranar 31 ga Mayun 2018 da Buhari ya sa hannu a dokar Not Too Young To Run, aka rage shekarun takarar Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. To an rage shekaru, kuɗin fom fa? A 2022 APC ta sa fom ɗin wakilai naira miliyan 10, PDP miliyan 2.5, ba a ma zo maganar daliget ba. Shi ya sa in ka kalli matasan da suka samu shiga a 2023 sunayen gidajensu ne za su fara yi maka sallama. Ibrahim Bello Mohammed na Birnin Kebbi/Kalgo/Bunza ya shiga yana da shekara 27, ɗan Dakta Bello Halliru ne, tsohon ministan tsaro. Bello El-Rufai na Kaduna ta Arewa kuwa ba sai an faɗi ɗan waye ba. Ba laifi ba ne a haife ka a gidan manya, kuma jama'a ne suka zaɓe su, sai dai a daina ce mana an buɗe wa ɗan talaka ƙofa.

Amma ni ba ma wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ke faruwa bayan rantsuwa shi ne matsalar. Zaure ne mai kujeru 360, ana zama Talata zuwa Alhamis, kuma tsarin majalisar kansa tsofaffin 'yan majalisa yake fifitawa wajen shugabanci, sabon shiga sai ya wuni hannunsa a sama kakaki bai kalle shi ba. Inda yaro zai nuna kansa shi ne kwamiti, musamman lokacin kare kasafin kuɗi, inda shugaban hukuma zai zo da takardu masu kauri yana fatan babu wanda ya karanta. Wannan aikin karatu yake so da zama wuri ɗaya. To ina lokacin? Tun asuba ƙofar gidansa ta cika, wannan da takardar asibiti, wancan da katin biki, wata da rasit ɗin makaranta, ga 'yan jam'iyya na mazaɓa suna jiran "na cefane", waya kuma ba ta daina ƙara, ga bashin zaɓen fidda gwani bai gama biya ba. Sai ka ga onarabul ya koma bin ofisoshin ma'aikatu yana roƙon gurbin aiki guda biyu da kwangilar rijiyar burtsatse, kuma don Allah wanda ka durƙusa wa jiya kana neman takardar ɗaukar aiki ta yaya za ka titsiye shi yau a gaban kyamara? Baki in ya ci dole ido ya ji kunya.

Sojojin baka za su ce wai talaka ba ya cin ƙudiri. Wannan magana ce ta wanda aka saya wa data. Da Tinubu ya aika wa majalisa dokokin haraji a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka tayar da jijiyar wuya kan rabon harajin kayayyaki na VAT, me muka fi buƙata a lokacin, mai rabon babura ko wanda zai iya buɗe sashe kaza ya ce ga inda za a cuce mu? An sa wa dokokin hannu a Yunin 2025, kuma za su taɓa aljihun mai shago a Kantin Kwari shekaru bayan baburan sun zama kwangiri.

Su kuma dattawan da ke cewa yara ba su da gogewa, su tuna Maitama Sule malamin makaranta ne da ya shiga Majalisar Wakilai a 1954 yana ɗan shekara 25, a 1959 ya zama ministan ma'adinai da wutar lantarki. Da baki da kai ya yi suna, ba da buhu ba. Dimeji Bankole ya shiga a 2003, ya zama kakaki a 2007 yana da shekara 37, don mutanensa sun mayar da shi zango na biyu. Mu kuwa yaro na fara gane kan dokokin zaure sai a ce bai "saki hannu" ba, ko gwamna ya ce ba nasa ba ne, a kawo wani sabo ya fara daga sifili, a haka za mu yi ta aika 'yan koyo Abuja wasu yankunan na tara masu riƙe manyan kwamitoci.

Jam'iyyu su sauke kuɗin fom da gaske, ba rangwamen da ake yi don jarida ba. Majalisa ta riƙa fitar da sunayen waɗanda suka halarci zama da yadda kowa ya kaɗa ƙuri'a. Masu haɗa fosta kuma, kafin ku rubuta "gwarzo" a kan hoton oga, ku sa mana sunan kwamitin da yake ciki da abu ɗaya da ya faɗa a can, in kun sani.