Gasar Bazara ta Las Vegas: Ku Daina Yanke Wa Yara Hukunci Da Wasa Biyu

Ƙarfe biyu na dare, wayewar garin 8 ga Yulin 2023, ina kwance da waya a hannu na sayi data ta musamman saboda wasa ɗaya tak na ƙwallon kwando. Su can Las Vegas ƙarfe shida na yamma ne, awa takwas ke tsakaninmu, filin Thomas & Mack ya cika maƙil, kowa ya zo ganin Victor Wembanyama, yaron nan ɗan Faransa mai shekara 19 da San Antonio Spurs suka ɗauka na farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wanda aka shekara biyu ana cika mana kunne da shi. To me ya faru? Ya jefa ƙwallo 13, biyu suka shiga. Maki 9. Wani Kai Jones na Charlotte ya taso ya dankara masa ƙwallo a kwando a kan kansa, shi kuma ga tsayi ya haura ƙafa bakwai amma kamar an jefa baƙo cikin kasuwar da bai san ƙofarta ba. Kafin asuba guruf ɗinmu na WhatsApp ya kama da wuta, wani abokina har da rubuta cewa "wannan ai sanda ce kawai aka sa wa riga, Turawa sun yi mana zuƙi-ta-malle".

Kwana biyu bayan nan yaron ya ci maki 27 da ribawun 12 (cafke ƙwallon da aka jefa ba ta shiga ba) a kan Portland, Spurs suka ce ya isa haka, suka ajiye shi. Ƙarshen kakar ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba, kuma shi ya fi kowa tare ƙwallo a duk NBA, 3.6 a kowane wasa. Shi kuwa Kai Jones da ya yi masa wancan abin da aka yi ta yaɗa bidiyonsa, watan Oktoba bai ƙare ba Charlotte suka sallame shi.

Abin da nake so in faɗa ke nan, kuma duk Yuli sai na sake faɗa saboda duk Yuli sai an sake yin kuskuren: makin da yaro ya ci a Summer League, gasar bazara ta NBA (su ke bazara fa, mu nan damina ta kankama), shi ne abu mafi ƙarancin amfani a duk abin da za ka gani a filin. Ba wai gasar ba ta da amfani ba, tana da shi sosai, amma mafi yawanmu ba ma kallon wurin da ya dace.

Duba yadda ake haɗa tim ɗin tukuna. Gasar ta faro a 2004 da ƙungiyoyi kaɗan, tun daga 2018 kuma duka 30 ɗin suke zuwa, kowace ta kwaso yaran da ta zaɓa a watan Yuni, da 'yan shekara ta biyu, sai ta cike sauran gurbin da waɗanda ba wanda ya zaɓa, da 'yan G League (ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA), da waɗanda suka dawo daga Turai suna neman a sake duba su. Mutanen nan jiya-jiya suka san sunan juna, atisaye bai wuce na 'yan kwanaki ba, kocin ma yawanci mataimaki ne aka ce ya riƙe don shi ma ya koyi aiki. Kwata minti 10 ne ba 12 ba. Fawul kuma sai ka yi 10 kafin a fitar da kai, ba 6 ba, shi ya sa Greg Oden da aka ɗauka na farko a 2007 ya samu damar yin guda goma cif a wasansa na farko. Wasa ne na ture-ture da kokawa, babu tsari, kuma abu mafi muhimmanci, kusan kowa a filin neman abinci ya fito.

Wannan na ƙarshen shi ne mutane ba sa lissafawa. Ka ɗauki mai riƙe ƙwallo ɗan shekara 25 da ya sha wahalar G League, yana da wasa biyar kacal ya nuna kansa ko a ba shi kwantiragi a nan ko wani kulob na Sifen ko Turkiyya ko Sin ya gan shi, kana tsammanin zai tsaya yana neman dogon yaron da aka riga aka ba miliyoyin daloli ya miƙa masa ƙwallo a ƙarƙashin kwando? Ina! Kansa zai yi wa. Don haka gasar ta masu riƙe ƙwallo ce da masu jifa, su dogaye da masu wasan haɗin kai yunwa suke kwana da ita. Nikola Jokic ya zo a 2015, wanda Denver ta ɗauka na 41 a lokacin da talabijin ke nuna tallar Taco Bell, ya yi wasanninsa shiru-shiru ba wanda ya ɗaga kai ya kalle shi, don irin wasansa sai da abokan da suka san inda za su ruga kafin ya sakar musu ƙwallo. Mutumin nan ya zama gwarzon NBA a 2021 da 2022 da 2024.

Misalin da na fi so shi ne Golden State ta 2009, don tim ɗaya ce, gasa ɗaya, ido ɗaya ya kalle su. Anthony Randolph ya ci 42 a wasa guda. Anthony Morrow ya zo ya ci 47, ya kafa tarihi a Las Vegas. Akwai kuma wani siririn yaro mai fuskar jarirai da suka ɗauka na 7, yana ta jifa ƙwallo na ƙin shiga, wajen ɗaya cikin uku ke faɗawa. Da a ce ranar aka tsayar da kai aka ce cikin ukun nan wa zai canza yadda duniya ke buga ƙwallon kwando, ka rantse da Allah Stephen Curry za ka nuna? Morrow dai ya yi rayuwarsa a NBA a matsayin mai jifan maki uku, ba laifi, Randolph kuwa a Turai ya ƙarasa samun sunansa, a Real Madrid.

Sai 2012, aka raba kyautar gwarzon gasar tsakanin mutum biyu, Damian Lillard da Josh Selby na Memphis. Selby a satin nan kamar aljani ya hau shi, duk abin da ya saki sai raga. Kafin shekara ta zagayo ya bar NBA, duka-duka wasa 38 ya buga a rayuwarsa. Glen Rice Jr. ya ɗauki kyautar a 2014, Janairun 2015 Washington ta sallame shi.

To na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa: ai Lillard ɗin ma ya ci kyautar, Blake Griffin ya ci a 2009, John Wall a 2010, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na yarda. Amma su waɗannan an san su tun kafin su taka Las Vegas, Griffin da Wall na ɗaya aka ɗauke su, Lillard na shida, shekarun jami'a ne suka faɗi ko su waye, gasar ba ta ƙara mana komai ba. Tambayar ita ce, idan gasar ta saɓa wa abin da aka sani a baya, wa za ka gaskata, shekara biyu ko uku na bidiyo da masu farautar 'yan wasa suka tara, ko dare biyu a cikin hayaniya? Ni dai ba na ko tunani. Trae Young na Atlanta a wasansa na farko a wata gasar bazara ta Salt Lake City a 2018 ya jefa 20 huɗu suka shiga, na farko-farkon ma ko ƙarfen kwandon ba su taɓa ba, aka yi ta yi wa Atlanta dariya, shekara uku bayan nan shi ya ja su har wasan ƙarshe na yankin Gabas. Alex Sarr a 2024 ya jefa 15 babu ko ɗaya. Cooper Flagg a 2025 ya jefa 21 biyar suka shiga, wasa na gaba ya ci 31, Dallas ta ajiye shi, kuma shi ma da gangan suka ɗora masa ɗaukar ƙwallo daga baya, aikin da ba shi ya saba yi a jami'ar Duke ba, don su ga yadda zai yi idan an matse shi. Kai kana gida kana ƙirga kuskure, su kuskuren suka aike shi ya yi.

To me za a kalla? Ni abin da na koya, bayan shekaru ina ɓata barcina, shi ne ka manta da ko ta shiga ko ba ta shiga ba, ka duba yadda aka yi ya samu jifan. Yaron da ke wuce mutuminsa cikin sauƙi ya isa inda yake so, ko ya ɓarar, gobe za ta shiga. Wanda kuwa sai ya yi ta juyi da baya-baya kafin ya saki wata mai wuya a kan ɗan G League, ko ta shiga yau, ranar da ya haɗu da mai tsaron gaske ba zai ma ga kwandon ba. Ka duba ƙafarsa idan ƙwallo ba ta hannunsa, yana iya tsayawa gaban mai gudu ko sai dai ya riƙe riga. Ka duba daƙiƙa nawa ƙwallo ke yi a hannunsa kafin ya yanke shawara. Ka duba idan an yi canjin mutum a tsaro, ya gane da wuri ko yana tsaye yana waige-waige. A daren nan na Wembanyama da aka ce ya kunyata, ya tare ƙwallo biyar, kuma akwai wasu da yawa da 'yan Charlotte suka taho da gudu suka hango hannunsa suka fasa, wannan ba ya shiga takardar lissafi amma shi ne ainihin abin da Spurs suka saya.

Inda nake ɗan tsananta hukunci shi ne 'yan shekara ta biyu da ta uku. Wanda ya riga ya yi kaka guda a NBA, ya ci abincinsu, ya yi atisaye da manya, idan ya dawo Las Vegas ya kamata a gan shi kamar babba cikin yara, a wasa biyu a ce masa je ka huta. Idan har yanzu yana fama da waɗanda ba a zaɓa ba, to nan kam akwai magana.

Sannan gaskiyar da talabijin ba ya son faɗa saboda ba ta sayar da tikiti: gasar nan ba ta taurari ba ce. Su taurarin an riga an biya su, ana fito da su ne wasa ɗaya ko biyu don a cika fili. Zion Williamson a 2019 minti tara ya buga, gwiwa ta bugu, girgizar ƙasa ma ta zo ta tsayar da wasan, shi kenan ba a sake ganinsa ba a gasar. Masu gasar na gaskiya su ne na ƙarshen benci, waɗanda ke neman kwantiragin nan mai fuska biyu da aka ƙirƙiro a 2017, rabi a NBA rabi a G League, kuma su ba maki 30 ake nema a wurinsu ba, don babu kocin da zai karɓe ƙwallo daga hannun tauraro irin LeBron James ya ba su. Ana neman wanda zai yi tsaro kamar ransa ya dogara da shi, ya tsaya a kwana ya jefa idan an ba shi, ya yi shiru. Alex Caruso haka ya samu shiga a 2017, ranar da Lonzo Ball na Lakers bai buga ba aka sa shi gaban De'Aaron Fox na Sacramento ya tsaya masa ƙyam, cikin 'yan kwanaki Lakers suka ba shi takarda ya sa hannu, ya ɗauki kofi da su a 2020, ya sake ɗauka da Oklahoma City a 2025. Lonzo ne ya ci kyautar gwarzon gasar a shekarar fa.

Fred VanVleet ma haka, ba wanda ya kira sunansa a zaɓen 2016, ya bi Toronto zuwa Las Vegas, ba wani tashin hankali ya yi da maki ba, kawai dai yaro ne da ba ya rikicewa da ƙwallo a hannu, suka riƙe shi. Kuma shugaban Toronto a lokacin ai namu ne, Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, wanda ya fara aikin farautar 'yan wasa wa Orlando ba a ko biyansa albashi, yana yawo filin wasa zuwa filin wasa a Turai da kuɗin aljihunsa. A 2016 ɗin dai ya ɗauki Pascal Siakam ɗan Duwala na 27, mutane suna tambayar wane ne wannan. 2019 VanVleet da Siakam suna cikin waɗanda suka kawo wa Toronto kofinta na farko. Irin su Ujiri idan suka zauna a Thomas & Mack da ɗan littafinsu ba allon maki suke kallo ba, wani lokacin ma benci suke kallo, su ga wa ke sauraron koci idan an cire shi, wa ke kumbura baki.

Mu kuma da muke nan, yawancinmu ma ba wasan muke kallo ba, wa zai iya ƙarfe uku na dare kullum ga aiki da safe, bidiyon minti biyu muke tashi mu tarar a X ko Facebook wanda aka tsince dankarawa uku da jifa biyu aka ɗora masa kiɗa, ko kuma akasin haka aka tara duk ɓarin da yaro ya yi don a samu abin dariya, a kan wannan muke raba gardama har a ɓata da juna. Abokin nawa mai maganar sanda da riga yanzu hoton Wembanyama ne a fuskar wayarsa, na tuna masa abin da ya rubuta ya ce shi bai taɓa faɗa ba, na nemo saƙon na tura masa, ya karanta bai ba ni amsa ba har yau.