Keken haya da ba a duba shi

Abin haushi ne baƙo ya biya kuɗin hayar keke don ya zaga gari, a miƙo masa wanda ko iskar taya ba a taɓa ba. Tayar keken gari tana son iska wajen bar 3.5 zuwa 4.5 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne), kuma adadin yana rubuce a gefenta. In ta yi laushi, tuƙi ya yi nauyi, da ka hau gefen kwalta ƙarfen wili ya matse tub ya huda shi wuri biyu. Ga ka a unguwar da ba ka san kowa ba.

Sai sirdi. Kusan kullum a ƙasa masu ba da hayar suke barin sa, shi ya sa gwiwa ke ciwo tun kafin azahar. Ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafa ta miƙe sak, to tsayin ya yi. Matsa birki kuma: in hannunsa ya taɓa kan keken, robar ta cinye ko wayar ta saki, a canza maka.

A Amsterdam kekunan haya da yawa birkinsu na feda ne, baya ake takawa, amma wa zai gaya maka? Ga layin taram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, da ke kama taya in ka bi shi a tsaye. A gicciye ake tsallaka shi, musamman in an yi ruwa.

Kwaɗon ma, a wasu wuraren wata 'yar siririyar waya suke bayarwa, alhali in an sace keken kai za ka biya. Nemi sarƙa mai kauri, ka zura ta cikin firam, ka ɗaure a jikin ƙarfen da ke kafe.