Hasumiyar Gobarau ba gidan aljanu ba ce

Shawarar da wasu matasa ke ta yayatawa a Facebook da TikTok, cewa a riƙa shirya wa baƙi zagayen dare a cikin birnin Katsina, a bi da su lungu-lungu ana ba su labarin fatalwa da na kisan kai bayan sun biya kuɗi, ta dame ni matuƙa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane masu ilimi ke tafa musu, suna cewa ai haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba.

Gaskiya ne ana yi. A Landan, kusan kowane dare ana zagayawa da masu yawon buɗe ido unguwar Whitechapel, inda wani da ake kira Jack the Ripper ya kashe mata a 1888, ba a kuma taɓa kama shi ba. A Edinburgh ana ba da labarin Burke da Hare, waɗanda suka kashe mutum 16 a 1828 suna sayar wa wani likita gawarwakin don koyar da ɗalibai. To amma ko a can akwai masu ƙorafi, cewa sunan makashi ya zama haja, matan da ya yanka kuwa an manta da su. Sannan an shafe fiye da shekara 130 da faruwar abin, babu uwar da ta rage tana kuka.

Mu namu jinin bai bushe ba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana suna nan cikin gari, wasu a kangaye, da goyo a baya. Wane irin mutum ne zai dubi jihar da ke cikin wannan hali ya ce tsoro ne abin da ya kamata mu sayar? Wanda ya taɓa kwana a daji da 'ya'yansa saboda ƙarar bindiga ba zai biya ko sisi don a razana shi ba.

Kuma a duba yadda abin zai kasance a aikace. Mai jagora ya tsaya da tocila a ƙofar wani gida bayan sallar isha'i, ga dattijon gidan zaune a dakali da carbinsa, ga yara suna dawowa daga makarantar dare, sai ya nuna zauren ya ce nan ne aka kashe wane shekaru kaza da suka wuce. A Katsina kowa ya san gidan kowa. Jikokin wanda aka kashe da na wanda ake zargi suna unguwar, wataƙila ma sun haɗa zuri'a. Gobe a zo binciken aure, bidiyon nan ne zai fara fitowa. An tono abin da manya suka binne da hikima, an ɓata wa yarinya suna, shi kuwa mai tocila ya samu mabiya.

Batun makabarta ya fi muni. An ce har wajen kabarin Wali Ɗanmarna da na Ɗanmasani za a iya kai mutane, don a ƙara wa tafiyar armashi. Malamai ne da suka ɗaga sunan Katsina tun ƙarni na 17. Ziyarar kabari a wurinmu don tuna lahira ce da yi wa mamaci addu'a, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana zagin matattu. Ita ma Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, alamar masallaci ce da karatu. Duk wanda ya hau matakalarta ta ƙasa ya hango birni ya san darajar abin da kakanni suka gina da tubali. A mayar da ita wurin da wai ake jin kukan aljanu da tsakar dare, cin mutunci ne, ƙarya ce kuma tsagwaronta.

Masu cewa abin zai samar wa matasa aikin yi su sani ba kowace sana'a ce ake yi da mutuncin mutane ba. Su ma masu cewa a rufe duk wani tarihi mai ɗaci ban yarda da su ba.

Tarihin Katsina yana da jini a cikinsa, kuma ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri. Ga labarin yadda Korau ya kayar da Sarki Sanau a kokawa ya kashe shi, mulki ya bar hannun Durɓawa. Ga yaƙin jihadi da ya kawo Ummarun Dallaje, ya sa tsohon gidan sarauta ya yi arewa har aka kafa Maraɗi. Ga shigowar Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, a 1903. Ga kaburburan Durɓi ta Kusheyi. Yaro nawa ne a Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga zai iya ba ka ko ɗaya daga cikin waɗannan daidai? Tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, tana nan ta zama gidan tarihi, amma sau da yawa ka shiga ka tarar babu kowa sai ma'aikata.

In da gaske zagaye ake so, a yi shi da rana, daga Ƙofar Soro zuwa Gobarau zuwa kwalejin, da jagoran da ya zauna gaban masana ya koya. Hukumar tarihi da al'adu ta jiha da masarauta su fito su yi magana tun yanzu, masu unguwanni kuma su hana kowa tsayawa da kyamara a ƙofar gidan mutane da sunan tarihi.